Ni kaɗai ce malamar Faransanci a makarantarmu, kuma na kusa ajiye alli

Assalamu alaikum, Anti. Ni malama ce a wata ƙaramar sakandare ta gwamnati, a wani gari da ba shi da nisa da iyakar Nijar. Faransanci na karanta, har na yi zaman koyon harshe a Badagry. Shekarata uku ina koyarwa. Azuzuwa shida ne a hannuna, kowanne yara sun kai 80, darasi sau biyu a mako, minti 40. Littattafan Faransanci 11 ne kacal a duk makarantar, wuta kuwa babu. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na albashina yana tafiya a fotokwafi da kwali da maka, har maigida ya fara magana, ya ce aikin da ke cin kuɗin gida ba aiki ba ne. Shugaban makaranta ya kira ni sau biyu, wai hayaniyar ajina tana damun maƙwabta, in riƙa rubuta darasi a allo yara suna kwafa kamar yadda kowa ke yi. Da na bi umarninsa sai yara suka koma gyangyaɗi. Suna haddacewa su ci jarrabawa, amma ko gaisuwa ba sa iya amsawa. Wata rana wani yaro ya miƙe a gaban kowa ya ce, "Malama, ko Nijar ma ta yar da Faransanci, mu me za mu yi da shi?" Na rasa abin cewa. Abin da ya fi yi mini ciwo, kwanan baya a asibiti wata mata daga Maraɗi ta yi mini magana da Faransanci, na gane duk abin da ta ce, amma bakina ya sarƙe. Yanzu shugaba ya ce in ina so zai mayar da ni koyar da Turanci. In karɓa ne, ko in ci gaba da wannan wahala?

Malama mai neman mafita

Wa alaikumus salam, Malama, ƙanwata. Sannu da ƙoƙari, Allah ya saka miki. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma inda na fi daɗewa shi ne wurin matar nan ta asibiti. Sauran abubuwan da kika lissafa gajiya suka sa ki, wannan kuwa kunya ya sa ki, kuma ina jin shi ne ya sa kika ɗauki biro. To ki kwantar da hankalinki. Duk harshen da mutum ya koya da girma, in ya shekara uku bai yi hira da babba da shi ba, baki yakan yi nauyi. Ke da kanki kin ce kin gane duk abin da ta faɗa. Ke nan harshen yana nan daram a kunnenki, motsa baki ne ya yi ƙaranci, kuma wannan abu ne mai gyaruwa cikin 'yan watanni. Zan dawo kansa.

Shawarata a kan tayin shugaba ita ce kada ki karɓa yanzu, kada kuma ki ce masa a'a. Ki gode masa, ki roƙe shi ya ba ki zango ɗaya. Dalilina shi ne, abin da kike so ki gudu daga gare shi zai bi ki ajin Turanci: yara 80 ne a can ma, littattafai ba sa isa, wuta babu. Abin da na hango a wasiƙarki shi ne mace ɗaya ta ɗauki kayan da ya kamata a raba tsakanin makaranta da iyaye da yaran kansu, tana kuma ƙoƙarin gina irin ajin da ta gani a Badagry da kuɗin aljihunta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ki gwada zango guda da kayan a rabe, sannan ki yanke hukunci da sanyin rai.

Bari mu fara da gida. Maigida yana da gaskiya a kan kuɗin, ko da kalmar da ya faɗa ta yi miki zafi. Albashinki haƙƙinki ne, amma tunda da shi kuke rufa wa juna asiri, duk naira da ta tafi shagon fotokwafi ya ji ta a tukunya. Takardar kuma kwana nawa take yi? Yaro ya ninke ta ya cusa a aljihu, mako mai zuwa an ƙunshe ƙosai da ita. Ki same shi lokacin da ya huta, ki ce kin yi tunani kin ga maganarsa, kin daina fotokwafi daga yau. Sannan ki faɗa masa ɗan abin da za ki riƙa warewa duk wata, na data kawai, ku yi ittifaƙi a kai, kada ki ƙetare. Ki kuma ba shi labarin matar asibitin. Sau da yawa namiji ya ga matarsa tana dawowa a gajiye da aljihu wayam, amma ba a taɓa gaya masa abin da ke ci mata rai ba. In ya san cewa harshen da kika sha wahala kika koya ne kike tsoron ya kuɓuce miki, ina kyautata zaton zai tsaya a bayanki.

Shi ma shugaban makaranta ki duba inda yake tsaye. In masu duba makarantu suka zo, littafin yaro suke buɗewa su ga ko an yi rubutu, malamin lissafi da ke maƙwabtaka da ke kuma shi ma yana da haƙƙin yaransa su ji shi. Inda shugaba ya yi kuskure shi ne zaton cewa ana koyon harshe da kwafar allo. Ba a yi. Yaron da ya koyi Larabci a zaure ya san sai ya biya da baki, malam ya ji ya gyara. To ki ba shugaba abin da yake so, ki riƙe abin da yara ke buƙata. Kowane darasi ya ƙare da minti goma na rubutu mai tsabta a littafi, da kwanan wata a sama. Magana kuma ki yi mata linzami: sau biyu a darasi, minti biyar-biyar, kowa da na kusa da shi, da murya ƙasa-ƙasa, da alamar da in kin ɗaga hannu kowa ya yi tsit. Waƙa da wasan kwaikwayo ki nemi izinin fita da su gindin bishiya, ko ki roƙa a matsar da darasi ɗaya zuwa ƙarshen jadawali. Ki rubuta masa takarda gajeriya da abin da kike buƙata da farashinsa, wato kwali, maka, da 'yar sifika mai caji, ya kai wa ƙungiyar iyaye da malamai. Buƙatar da aka rubuta aka sa mata lamba ta fi samun shiga a kan ƙorafin baki.

Yanzu ajin kansa. Littattafai 11 da kika raina, ni na ga lissafi ya fita: ki raba yara 80 rukuni goma, takwas-takwas, kowane rukuni littafi ɗaya da shugabansa, na goma sha ɗaya a hannunki. Shugaban rukuni shi ke karɓa, shi ke dawo da shi, shi ke fara gwada jimla kafin ta zagaya. Ki riƙa sauya su duk mako biyu, kuma ki tabbatar 'yan mata masu kunya suna samun tasu damar, domin su ne sukan fi riƙe abu amma ba a jin muryarsu.

Akwai wata dabara da wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, James Asher, ya fito da ita a shekarun 1960, kuma kamar don ajinki aka yi ta. Malami ya ba da umarni da harshen da ake koyo, yara su amsa da jiki, ba sa cewa uffan. Ki ce levez-vous su miƙe, asseyez-vous su zauna, ouvrez le cahier su buɗe littafi, touchez la tête su taɓa kai. Da farko kina yi suna kwaikwayo, daga baya ki naɗe hannu ki faɗa da baki kawai. Babu takarda, babu wuta, babu hayaniya, babu kuma mai gyangyaɗi, kuma daga inda kike tsaye kina ganin wanda ya gane da wanda ke satar kallon na gaba. Bayan mako biyu ki kira yaro ɗaya ya zama mai ba da umarni. Ranar da kika ga sun ƙware, ranar za ki gayyaci shugaba ya tsaya a bakin ƙofa na minti goma. Gani ya kori ji.

Sai dukiyar da nake so ki buɗe ido a kanta, wadda mai koyar da Faransanci a Landan ba shi da ita: yaranki Hausa suke ji. Ɗan Ingila yakan sha wuya kafin ya yarda wai ƙofa mace ce, littafi namiji. Yaronki tun yana goye ya san riga ce, wando ne. Ki gaya masa kawai cewa Faransawa ma haka suke raba kaya, wani lokaci su dace da mu, wani lokaci su saɓa. Ƙofa mace ce, la porte ma mace. Littafi namiji, le livre namiji. Wando namiji, le pantalon namiji. Amma rana da muke ce wa mace, su le soleil namiji ne, wata da muke ce wa namiji, su la lune mace ce. Ki ja layi a tsakiyar kwali, gefe ɗaya na waɗanda muka dace, ɗaya na waɗanda muka saɓa, duk sabuwar kalma yara su yi gardamar inda za ta faɗa. Haka ma tu da vous: yaron da ya san ba a ce wa dattijo "ka tashi lafiya" sai "kun tashi lafiya" ya riga ya gama wannan darasin. Ƙidaya ma haka. Mu da muke cewa ashirin ba biyu, ba za mu yi mamakin mutanen da ke kiran 70 sittin da goma, su kira 80 ashirin sau huɗu ba. Inda za ki dage shi ne bambancin p da f, tunda a bakin Bahaushe sukan zama ɗaya. Pain burodi ne, faim yunwa ce. Ki nuna musu a fuskarki: na farko leɓɓa ke haɗuwa, na biyu haƙoran sama ke sauka a leɓen ƙasa. Kowa ya kalli bakin abokin zamansa ya gaya masa wanne ya faɗa.

Kayan aiki kuwa suna zube a kasuwarku. Ki ce kowane yaro ya kawo gwangwanin madara da aka shanye, ko kwalin sabulu, ko kwalin magani, a wanke a kawo. Da yawa daga kayan da ake sayarwa a Afirka ta Yamma suna ɗauke da rubutun Faransanci a gefe: lait, sucre, sel, huile, savon. Ki jera su a benci biyu, kasuwa ta ci. Na taɓa tsayawa a bayan wani aji ina kallon irin wannan. Wata yarinya da ba ta kai shekara goma sha uku ba ta ɗaga gwangwanin tumatir ta ce c'est combien, mai sayarwa ya faɗi kuɗi, sai ta murtuke fuska ta ce c'est trop cher, wato ya yi tsada, ta juya kamar za ta tafi, shi kuma ya bi ta da madame, madame. Ajin duk ya kwashe da dariya, amma ba wanda ya manta wannan jimlar. Ciniki a jininsu yake, harshen kawai aka sauya musu. Ke da kike bakin iyaka, aron takardar jaka ɗaya ta sefa ba zai yi miki wuya ba. Su karanta mille francs a jikinta da idonsu. Wasu cikinsu sun riga sun san dala sefa biyar ce, dala ashirin ɗari ce, su za su koya wa sauran. Ki kuma tambaye su kalmomin da suke ji a bakin 'yan uwanmu na ƙetaren iyaka, irin su lakwal (makarantar boko), mushe, jandarma, duwan (kwastan), mangaza, ku bi sawun kowacce zuwa asalinta. Yaro zai fita yana jin ashe ya daɗe da Faransanci a baki bai sani ba.

Ki rage yawan abin da kike koyarwa. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, bita a kai a kai kuma ita ke rage ta. Ke da ke ganinsu sau biyu a mako, kalma takwas zuwa goma da jimla biyu sun isa, amma kowane darasi ya buɗe da na makon jiya da na watan jiya.

Abin karantawa kuma akwai shi kyauta. Shafukan African Storybook da StoryWeaver suna da gajerun labarai na yara masu hotuna, an ba da izinin saukewa da kwafa, kuma za ki samu na Faransanci da na Hausa. Ki zaɓi guda mai sauƙi, ki rubuta shi da manyan haruffa a bayan tsohuwar kalanda, yaran da suka iya zane su yi masa hoto. Babban littafi ɗaya zai zagaya azuzuwa shida, ya kuma kai baɗi. Tashar TV5Monde tana da sashe na musamman na malamai, da darussan da aka riga aka tsara mataki-mataki. Ki sauke kaɗan ranar da sabis ya yi kyau, ki ɗebi abin da ya dace da yaranki, ki bar sauran.

To, yaron nan. Ni ban ga rashin kunya a tambayarsa ba, yana sauraron labarai ne, kuma ya cancanci amsa. Gaskiya ne a 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, kuma abin farin cikinmu ne. Amma takardar da ta yi hakan ta bar Faransanci da Turanci a matsayin harsunan aiki. Takardar likita a Maraɗi, takardun duwan, da yawancin karatun boko a can, da Faransanci ake yin su. Ki zana masa taswira a allo: Benin a yamma, Nijar a arewa, Chadi a arewa maso gabas, Kamaru a gabas. Duk ƙasar da muka haɗa iyakar tudu da ita tana aiki da wannan harshe. Wannan ne ya sa a 1996 gwamnatin Janar Abacha ta ce ya zama harshen hukuma na biyu a Najeriya, tsarin ilimi na ƙasa na 2004 ma ya rubuta haka, sai dai ba a bi maganar da isassun malamai da littattafai ba, shi ya sa kike ke kaɗai. Ki tambayi ajin wa ke da ɗan uwa mai zuwa Kwatano ko Lome sayen kaya, ko direba mai bin hanyar Damagaram ko Garwa. Hannaye za su tashi. In kuma wani uba ya kawo maganar addini, ki tuna masa da ladabi cewa aya ta 22 a Suratur Rum ta sa bambancin harsunanmu cikin ayoyin Allah, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa don ya riƙa karanta masa wasiƙu. Ki koma ki sami yaron, ki ce masa tambayarsa ta yi kyau har ta sa ki bincike. Irinsa ne yakan zama na gaba a aji.

Mu dawo kan bakinki. Gidan rediyon RFI yana da shirin labarai na minti goma da Faransanci mai sauƙi, Journal en français facile, ana samunsa a waya tare da rubutunsa. Ki sauke, ki saurara kina girki, ki sake saurara kina bin rubutun, sannan ki maimaita jimla biyar da ƙarfi kamar ke ce mai karanta labaran. Ki nemo biyu ko uku cikin waɗanda kuka yi Badagry tare, ku buɗe zaure a WhatsApp da sharaɗi ɗaya: saƙon murya na minti biyu kullum, Faransanci zalla, ko da labarin miyar da aka dafa ne. Su ma, ki yarda da ni, bakinsu ya yi nauyi. A garinku kuma da wuya a rasa matar da aka auro daga ƙetare wadda ta yi lakwal, ko tela 'yar Togo ko Benin. Da sanin maigida, ki riƙa ziyartarta sau ɗaya a mako ku yi hira. In kun saba, ki nemi izinin shugaba ta zo aji yara su yi mata tambayoyi, su ji cewa mutum mai kama da innarsu ma yana jin harshen. In hali ya yi nan gaba, ki tuntuɓi cibiyar Alliance Française ta Kano a kan DELF, jarrabawar shaidar iya Faransanci, matakin B1 ko B2, wato na tsakiya. Ma'aikatar ilimi ta Faransa ce ke ba da shaidar, kuma ba ta tsufa. Ana biyan kuɗi, don haka ki fara tambaya ki yi tanadi a hankali. Samun ranar jarrabawa a gaba yana sa mutum ya dage.

In zango ya ƙare kin ga shugaba bai sassauta ba, ko gida bai zauna lafiya ba, ko ke kanki har yanzu kina tashi da safe da nauyin zuciya, to akwai tsaka-tsaki: ki karɓi azuzuwan Turanci biyu, ki riƙe Faransanci a sauran. In ma dole ta sa kika koma gaba ɗaya, ki koma ba tare da zargin kai ba, ki roƙi a bar miki ƙungiyar masu son Faransanci sau ɗaya a mako, ko da yara ashirin ne. Lafiyarki da zaman gidanki suna gaba da kowane jadawali.

Amma kafin nan, a daren yau ki yi magana da maigida. Ranar Litinin ki shiga ofishin shugaba da takardarki, ki shiga aji da gwangwanin madara a jaka. In zango ya cika ki sake rubuto mini, ina so in ji yadda kuka ƙare da yaron nan mai tambaya. Allah ya dafa miki, ya sa albarka a aikinki.